Shin Ko Kun San? Gem, Lissafi da Yaran Ƙasar Masara

Shin ko kun san cewa ɗaya daga cikin wasannin kwamfuta na farko-farko da aka yi domin koyar da yara, a kan hatsi da rumbu aka gina shi? A 1964 wata malamar firamare a jihar New York ta Amurka, Mabel Addis, ta tsara shi, wani ma'aikacin kamfanin IBM mai suna William McKay ya shigar da shi cikin na'ura. Sunansa The Sumerian Game. Ana naɗa yaro sarautar Lagash, wani daɗaɗɗen birni a kudancin Iraƙi ta yau, sai wakili ya kawo masa labari: ga yawan talakawa, ga faɗin gonaki, ga abin da aka samu a kaka. Yaron ne zai yanke nawa za a ci, nawa za a ware iri, nawa za a zuba a rumbu. Ya matse hannu, yunwa ta taɓa jama'a. Ya saki hannu, damina ta faɗi babu abin shukawa. Ya kimshe da yawa, ɓera da ruɓa su yi masa rabo. Amsar ma a takarda na'urar take buga masa ita. Kowane magidanci a Bakori ko Ƙafur yana wannan lissafin duk kaka, ɗansa na zaune a gefe yana ji.

Shin ko kun san Funtuwa na cikin wurare uku na farko da aka kafa shirin bunƙasa noma da tallafin Bankin Duniya a Nijeriya? A tsakiyar shekarun 1970 ne, ita da Gusau da Gombe. Shirin ya zo da takin zamani, da ingantaccen iri, da hanyoyin karkara. Daga wannan zamani ne masara ta bar bayan gida ta shiga manyan gonaki, ta zauna kusa da auduga da dawa. Ta kuma zo wa manomi da sabon lissafi.

Ko kun san abin da lambobin nan uku na jikin buhun kamfa suke nufi? 15:15:15 na cewa a kowane kilo 100 akwai kilo 15 na naitirojin, 15 na fosfet, 15 na fotash. Buhu mai kilo 50 kenan yana ɗauke da kilo 7 da rabi na kowanne. Ita kuwa yuriya kashi 46 cikin ɗari ce, wato kilo 23 na naitirojin a buhu guda. To, a ce hekta ɗaya ta masara na son kilo 120 na naitirojin, an kuma riga an zuba buhu takwas na kamfa. Buhun yuriya nawa ya rage? Takwas sau bakwai da rabi, 60. Saura 60. A raba da 23: buhu biyu da rabi da 'yan kai. Wannan shi ne darasin kaso cikin ɗari da ake yi a ƙaramar sakandare, wanda yara da yawa ke gudu in sun gan shi a allo, alhali da yamma su ne ke ɗaukar buhun zuwa gona.

Kun san kuwa cewa in aka bar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, da santimita 25 tsakanin rami da rami, hekta ɗaya za ta ɗauki tsiro 53,333? A buɗa tazarar ramin zuwa 50, a bar tsiro ɗai-ɗai, rabin gonar ya tafi tun ba a yi noman farko ba.

A nan ne amfanin gem yake, a ganina. Kuskuren shuka a gona sai bayan wata uku ko huɗu ake ganin sakamakonsa, kuma da abincin gida ake biya. Kuskuren lissafi a aji sai malam ya samu lokacin duba littattafan yara tamanin, in ya samu. A cikin wasa kuwa, nan take yaro zai ga masararsa ta yi rawaya don ya rage yuriya, ko ya ga kuɗinsa sun ƙare don ya zuba fiye da kima. Ya sake gwadawa, ba bulala, ba dariyar 'yan aji. Gem ɗin da za a gina a kan gonar Ɗanja da farashin kasuwar Ɗandume, da tiya da buhu da kuɗin ƙwadago da tsutsar nan mai cin masara da ta shigo Nijeriya a 2016, ba sai an yi wa ɗan yankin nan bayanin dokokinsa ba.

Shin ko kun san cewa yaran da ake cewa ba su da kan lissafi su ne ke cika gidan gem? Ku leƙa ɗaya da la'asar. Shago ne mai ƙofa ɗaya, benci biyu, talabijin biyu ko uku, janareto na ƙugi a waje. Biyu na riƙe da abin bugawa, goma na tsaye a bayansu suna jiran layi. Ku saurari maganarsu. Wannan ya san ƙarfin gudun kowane ɗan wasa da lambarsa. Wancan yana lissafa wa abokinsa cewa sai ya ci da tazarar ƙwallo biyu kafin ya haye rukuni. Ƙaramin cikinsu ya san daidai inda zai karkata bugun tazara, da tsawon lokacin da zai danne maɓalli don ƙwallo ta tsallake katangar 'yan wasa ta sauko a raga. Ba wanda ya zaunar da su ya koya musu. Hankalin yana nan, naci yana nan. Abin da aka zuba a cikin na'urar ne ƙwallo kawai.

Ko kun tuna wasan maciji? A 1997 kamfanin Nokia ya fara sa shi a waya. Mutane da yawa a garuruwan nan da shi suka fara sanin gem, iyayen yaran yau kenan.

Shin ko kun san dara tana da gurbi 30, layi biyar gida shida-shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12? In an gama zubi, gurbi shida kacal ke saura, kuma a cikinsu za a yi duk dabarar. Jera uku shi ne ci. Jera huɗu ba ya ci. Gwanin dara yana ganin taku uku ko huɗu gaba, yana auna abin da zai yi da abin da abokin karawa zai mayar. Irin wannan tunanin na "in na yi kaza, zai yi kaza" shi ake nema wajen warware lissafi, shi kuma ake nema wajen rubuta manhajar kwamfuta. Dattawan da ke gindin bishiya da kara da tsakuwa sun daɗe suna koyar da shi kyauta.

Kun san akwai masanin lissafi Bakatsine da ake ambata a littattafan tarihin lissafi na duniya? Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kishnawi, wato Alkatsinawi. A 1732 ya yi rubutu da Larabci a kan yadda ake tsara lambobi a cikin gidajen murabba'i ta yadda kowane layi, a tsaye da a kwance da a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Ya rasu a Alƙahira a 1741. Ku gwada da yaranku yau da dare: gida tara, lambobi daga 1 zuwa 9, kowane layi ya ba da 15. Sirrin farko shi ne 5 ce ke zama a tsakiya. Wanda ya ci wannan a ba shi mai gida 25, inda kowane layi ke ba da 65. Ban san wasan lissafi da ya fi wannan dacewa a sa shi a waya da sunan mutumin Katsina a jikinsa ba.

Shin ko kun san wani masanin fiziks ya ɗebi kuɗi daga kyautar Nobel da ya ci ya buɗe wa yaran duniya ɗakin gwaje-gwaje na kyauta? Carl Wieman ya ci kyautar a 2001, a 2002 ya kafa PhET a Jami'ar Colorado da ke Boulder. Yau akwai gwaje-gwajen kwamfuta fiye da 150 a ciki, na fiziks da kemistiri da lissafi da ilimin halittu. Ɗauki na lantarki. Yaro zai jawo batir da yatsa, ya jawo waya, ya jawo ƙwan lantarki, ya haɗa. Ƙwai ya kama. Ya ƙara ƙwai na biyu a kan layi ɗaya, hasken duka biyun ya dusashe. Ya raba musu hanya, kowanne ya dawo da haskensa. Ya haɗa kan batir da gindinsa kai tsaye, batir ya kama da wuta a kan allon, ba wanda ya ƙone. Yaron da ke zuwa shagon gyaran waya ko haɗa sola bayan makaranta zai gane abin da ubangidansa ke yi, ya kuma gane dalili. Makarantar da ɗakin kimiyyarta ba shi da komai sai tebura da ƙura ta fi kowa buƙatar wannan. Ba zai maye gurbin taɓa kayan aiki da hannu ba, amma ya fi zanen batir da alli nesa ba kusa ba.

Ko kun san akwai gem da ke koya wa yaro aljabara ba tare da ya san aljabara yake yi ba? DragonBox, wanda wani malamin lissafi a Norway, Jean-Baptiste Huynh, ya fitar a 2012. Allo ne kashi biyu, da katunan dabbobi, da wani akwati da ke son ya zauna shi kaɗai a ɓangarensa. Doka ɗaya ce: duk abin da ka ƙara a hagu sai ka ƙara shi a dama. A hankali dabbobin su koma lambobi, akwatin ya koma x. A 2013 ɗalibai fiye da 4,000 a jihar Washington suka yi gasa da shi.

Amma ku ji ƙarshen labarin, don shi ya fi muhimmanci. A 2014 masu bincike a Jami'ar Carnegie Mellon suka gwada DragonBox da wata manhajar koyar da aljabara wadda ba ta da ado sosai. Yara sun fi jin daɗin DragonBox. Da aka ba su takarda da fensir, waɗanda suka yi aiki da ɗayar ne suka fi ci. Iya wasa daban, iya ɗauko abin da ke cikin wasa a kawo shi kan takardar jarrabawa daban. Tsakanin biyun sai an samu malamin da zai ce, "Abin da ka yi wa akwatin nan, zo ka rubuta mini shi a allo."

Shin ko kun san kowane tubali a wasan Minecraft mita ɗaya ne ta kowace fuska? Yaron da ya haƙa rami mai tsawon tubali biyar, faɗi huɗu, zurfi uku, ya fitar da tubali 60 da hannunsa, ya kuma san ma'anar faɗin ciki kafin a ba shi ƙa'idar. Kamfanin Microsoft ya sayi masu wasan a 2014 a kan dala biliyan 2.5, ya fitar da na makarantu a 2016, daga baya aka ƙara masa sashen kemistiri mai sinadarai 118. Na kuɗi ne, yana kuma son na'ura mai ƙarfi, don haka ba shi ne zan fara ba wa makarantar ƙauye shawara a kai ba.

Kun san a sararin samaniya, in kana son ka kamo kumbon da ke gabanka a kan falaki ɗaya, birki za ka taka? Rage gudu yana sauko da kai ƙasa-ƙasa, inda zagayen ya fi gajarta, sai ka riske shi. 'Yan wasan Kerbal Space Program, wanda wani ƙaramin kamfani a Meziko ya yi, sun san haka ne don sun sha ƙara wuta suna ganin abin da suke bi yana ƙara yi musu nisa.

Shin ko kun san 'yan gem sun taɓa warware abin da ya gagari masana fiye da shekara goma? A 2008 Jami'ar Washington ta fitar da Foldit, wasan naɗe furotin, wato ƙananan sinadaran da ke gudanar da aikin jiki, waɗanda siffarsu ce ke nuna aikinsu. A 2011, cikin mako uku, 'yan wasan suka gano siffar wani furotin na ƙwayar cutar da ke sa wa birai ciwo mai kama da ƙanjamau. Yawancinsu ba masana ba ne. David Baker, wanda wasan ya fito daga ɗakin bincikensa, ya ci kyautar Nobel ta kemistiri a 2024. Ɗaya daga cikin waɗanda suka raba kyautar da shi, Demis Hassabis ɗan Ingila, da ƙera gem ya fara aiki yana matashi.

Ko kun san Malumfashi tana da suna a mujallun likitanci na duniya? A shekarun 1970 masu bincike daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool sun zauna a yankin suna bin diddigin zazzaɓin cizon sauro, da tsargiya, da saran maciji. Ɗauki tsargiya. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwai ya ƙyanƙyashe, ya shiga jikin dodon koɗi, ya yaɗu a can, ya fito ya huda fatar yaron da ya shiga wanka. Zagaye ne, kuma zagaye ya fi shiga kai in mutum ya juya shi da hannunsa: a ba yaro dam da ƙauye a kan allo, ya zaɓi ko magani zai raba, ko rijiya zai gina, ko masai, ya ga wanne ke karya zagayen, wanne kuma cutar ke dawowa bayansa.

Ba wasa ba ne wannan tunanin. A 2005 wata annoba ta ɓarke bisa kuskure a cikin wani gem mai suna World of Warcraft, dabbobin 'yan wasa suka kwaso ta zuwa birane. Wasu suka gudu, wasu suka tsaya jinya, wasu suka zo kallo suka kamu. A 2007 masana yaɗuwar cututtuka suka rubuta a kanta a mujallar The Lancet Infectious Diseases.

Shin ko kun san an yi babban gwajin koyo da gem a ƙauyukan Afirka da babu lantarki? A yankin Tanga na Tanzaniya ne, daga ƙarshen 2017 zuwa farkon 2019, wata 15. Gasar Global Learning XPRIZE ce, mai dala miliyan 15, Elon Musk ya ba da kuɗin. An raba wa yara kimanin 2,700 a ƙauyuka 170 kwamfutar hannu, ana yi musu caji da sola. Kafin a fara, fiye da kashi 90 cikin ɗari ba sa iya karanta ko kalma ɗaya. Da aka gama, adadin ya ragu da rabi, ƙidaya da tarawa su ma suka ɗaga. Masu manhajar Kitkit School da onebillion ne suka raba babbar kyautar. Abin da nake so ku riƙe: duk wasannin da Sawahili suke magana.

A Sudan ma, shirin Can't Wait to Learn na ƙungiyar War Child ta Holan ya fara da lissafi, ga yaran ƙauyukan da ba su da makaranta. Zanen yaran aka tattara aka gina duniyar wasan da shi, bukkoki da awaki da shago irin nasu, umarnin kuma da Larabcin da suke ji.

Kun san an riga an gwada batun harshe a Nijeriya tun tuni? Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci shiri a Ile-Ife inda aka koyar da yara duk darussan firamare da Yarbanci, har lissafi da kimiyya, Turanci ya zama darasi ɗaya a cikin darussa. Yaran sun yi fice, Turancinsu ma bai yi baya ba. A Katsina da Zamfara kuma, shirin RANA da UNICEF ta kawo da tallafin Birtaniya ya koyar da karatu da ƙidaya da Hausa a azuzuwan farko. Gem ɗin da zai ce wa yarinya 'yar aji biyu a Sabuwa ta raba mangwaro da Turancin Amurka, jarrabawar Turanci yake yi mata, tun ba a zo kan rabawar ba.

Shin ko kun san raba na'ura kaɗai ba ya ƙara ilimi? Ƙasar Peru ta sayi ɗaruruwan dubban ƙananan kwamfutocin shirin One Laptop per Child. A 2012 aka fitar da binciken makarantun karkara 319: bayan wata 15, makin lissafi da na harshe bai motsa ba. An gwada irin kwamfutocin a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja a 2007, shirin bai yaɗu ba. Na'ura kamar taki ce: a watsa shi a gonar da ba a shuka ba, ciyawa ce za ta ci. Duk ɗan siyasar da zai raba wa makaranta kwamfutoci a yi hoto, a tambaye shi me aka zuba a ciki, wa ya horar da malam, ina za a yi caji, wa zai gyara in ta lalace.

Ga abin da na ga yana aiki, kuma ba ya buƙatar kwangila. Waya ɗaya, yara biyar. Kafin a danna komai, malam ya tambaya: "In muka ƙara batir na biyu, me zai faru?" Kowa ya rubuta hasashensa. Sannan a danna. Wanda ya canka ya yi bayani, wanda bai canka ba ya faɗi abin da ya sa ya zaci akasin haka. A rufe wayar, a zana abin a littafi, a sa masa lambobi. Minti goma na wasa, minti talatin na magana da rubutu. A juya riƙon wayar, kada mai bakin cikinsu ya kankane.

Shin ko kun tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda matsalar tsaro? Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Faskari da Ɗandume da Sabuwa da Ƙanƙara duk suna ciki, kuma an kwashe watanni. Kafin nan, a Disamba 2020, an sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka rufe makarantu. Allah Ya kiyaye na gaba. Darasin ga mai son koyar da yaranmu da waya a fili yake: duk manhajar da ba ta aiki sai da data da sabis, ba ta yankin nan ba ce. Dole ta zauna a cikin waya, ta yi aiki a ranar da babu layi, a makon da makaranta ke rufe.

Ko kun san akwai dandalin karatu na gwamnatin tarayya mai darussa da Hausa? Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta ƙaddamar tare da UNICEF da Microsoft a Maris 2022. Kyauta ne.

Shin ko kun san Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem a jerin cututtuka a 2019? Ba kowane mai wasa take nufi ba. Kaɗan ne ke kaiwa can. Alamar ita ce mutum ya kasa tsayawa, ya fifita wasan a kan komai, ya ci gaba ko da yana ganin ɓarnar. Tsoron iyaye a kan wannan gaskiya ne, kuma ina tare da su. Yaron da gem ya hana shi salla a kan lokaci, ko Islamiyya, ko barci, ko aiken gida, a karɓe wayar. Abin da ya fi ba ni tsoro ma shi ne caca da ke shigowa da rigar wasa: duk manhajar da ke cewa a sa kuɗi a ci kuɗi, ba koyarwa take ba, ko da lambobi sun cika ta. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Ku zauna kusa da yaron minti biyar. In lissafin shi ne wasan, wato ba ya wucewa gaba sai ya yi tunani, to madalla. In kuwa harbi ne da tsalle-tsalle, can ba-a-rasa-ba a jefo tambaya ɗaya, wannan an yi ne don a kwantar wa iyaye hankali.

Kun san tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yinta? Har yau akwai ɗalibin da ranar jarrabawar ce ranar farko da zai ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta. Ya san amsa, lokaci na tafiya, shi yana kokawa da kibiya. 'Yan mata sun fi shiga wannan hali, don gidan gem na maza ne, wayar gida ma yawanci a hannun yayye maza take kwana. In makaranta ba ta ware wa 'yan mata lokacinsu da na'ura ba, ba wani wurin da zai ba su.

Shin ko kun san yaro zai iya ƙera nasa gem, kuma da Hausa? Scratch, wanda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007, kyauta ne, yana aiki ba intanet a kwamfuta da kwamfutar hannu, Hausa kuma na cikin jerin harsunansa. Umarnin guntaye ne masu launi, ana jawo su ana maƙala su. Filin wasan faɗinsa 480, tsayinsa 360, sifili na tsakiya. Yarinyar da ke son akuyarta ta tafi hagu dole ta shiga lambobin ƙasa da sifili, har zuwa -240. In tana son akuyar ta juya, dole ta zaɓi kusurwa, 90 ko 45. In tana son a ƙirga dami nawa akuyar ta ci, dole ta buɗe ma'ajiyar lamba mai canzawa, wato x ɗin nan da ke firgita 'yan aji. Ba wanda zai ce mata ta haddace; so take akuyar ta tafi. Ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Zariya da Dutsin-Ma da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke neman aikin kammala karatu, ga aiki a ƙofar gida.

Ko kun san hanyar raba waɗannan abubuwa tana nan a kowace kasuwa da tasha? Masu tura finafinai a waya. Kwamfuta ɗaya a kan tebur, igiyoyin caji, layin matasa da memori a hannu. Da Xender kuma abu ɗaya ya zaga unguwa kafin magariba. Gwaje-gwajen PhET ana sauke kowanne a matsayin fayil guda, a buɗe shi ba data. GCompris, wanda wani Bafaranshe mai suna Bruno Coudoin ya fara a 2000, yana da wasanni fiye da 100 na yara 'yan shekara biyu zuwa goma, ƙidaya da awo da agogo da kuɗi da kimiyya, shi ma ba ya neman layi. Masu su sun yarda a kwafa a raba, don haka babu haƙƙin kowa a ciki. Malamin lissafi ko na kimiyya ya sauke su sau ɗaya inda sabis ke da ƙarfi, ya kai wa mai shagon da ke kusa da makaranta, ya rubuta wa ɗalibai a allo sunan da za su tambaya.